Ku Tambaya Mu Amsa: Tukunyar nutso, ta alminiyam ko ta ƙarfe?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Makon nan wasiƙu uku na ware kuma duk kan abu guda suke, wato tukunyar iskar nan da masu nutso ke goyawa a baya. Na san wani zai ce mu da ke Katsina ina mu ina teku, to amma ai muna da Zobe, muna da Jibiya da Ajiwa, ga kududdufai ko'ina, kuma ba daminar da za ta wuce ba a yi jana'izar wanda ruwa ya ci ba. Ta farkon ta fi tsawo, kuma a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA

Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Daura ne, mu tara muka haɗa ƙungiyar sa kai, yawancinmu ɗiyan masunta ne a bakin ruwa muka tashi, in damina ta yi ruwa ya ci yaro a kududdufi ko wajen dam ɗin Sabke ko Daberam mu ake bugo ma waya ko da tsakar dare ne. Da numfashinmu kawai muke shiga, mutum ya cika ƙirji ya nutsa ya laluba ya taso, wanda ya fi kowa daɗewa cikinmu bai kai minti biyu. Bara akwai yaron da muka kwana biyu muna nema, mahaifiyarshi na zaune bakin ruwa ta ƙi tafiya gida ta ƙi cin komai, wallahi Malam har yau abin bai bar raina ba. To yanzu wani yayanmu da ke zaune Jidda ya ce zai taimaka mana da kayan nutso saiti biyu, ya je shago an ce mashi tukunyar iri biyu ce akwai ta alminiyam akwai ta ƙarfe, ya bugo yana tambayarmu mu kuma ba mu san komai a kai ba. Wasu cikinmu sun ce ƙarfe ai shi ne ƙarfe, alminiyam sai tukunyar miya, wasu kuma sun ce alminiyam ta fi sauƙin ɗauka. Gardama har ta fara zafi. Don Allah a warware mana kafin ya biya kuɗi.

Ƙaninka daga Daura

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka maku da alheri kai da 'yan uwanka, Allah ya jiƙan yaron nan ya ba mahaifiyarshi haƙuri. Sau uku na karanta wasiƙarka, wurin uwar nan da ta ƙi tashi daga bakin ruwa ya tsaya mani a rai.

Bari in fara ba ka amsa don ka samu abin gaya ma yayanku: ya sayo ta alminiyam, sabuwa fil, mai lita 11 ɗin nan, a shagunan nutso na Jidda in ya ce AL80 kowa zai gane don ita ce ake haya da ita ko'ina a Bahar Maliya. Amma fa akwai sharaɗi mai nauyi a kan amsar nan, ka karanta har ƙarshe kafin ka buga mashi waya.

Masu cewa alminiyam ta fi sauƙin ɗauka ba su canka ba. Gaskiya ne tukunyar miya ta alminiyam ba ta da nauyi, to amma ita wannan matsin da za ta riƙe ba na wasa ba ne, kuma alminiyam bai kai ƙarfe ƙwari ba, don haka dole a yi bangonta da kauri, ya ninka na ƙarfen fiye da sau biyu. Sai ka ga AL80 ba iska a ciki tana wajen kilo 14, ta ƙarfe mai lita 12 ita ma nan-nan take, wani lokaci ma ta ɗan fi sauƙi. A kan tudu kenan, kusan kunnen doki suke. Masu cewa alminiyam ba ta da ƙarfi su ma ba haka ba ne, an gina ta ta riƙe bar 207, bar shi ne ma'aunin matsin iska, kuma don ka gane girman abin, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. In da lambar gejin mai faci za a auna, taya 32 take sha, tukunyar nan 3000.

Inda suka rabu da gaske a cikin ruwa ne, kuma wannan a jikina na koye shi. Na zauna Jidda wasu shekaru, can na koyi nutso, kuma makonnin farko duk da tukunyar ƙarfe malamina ke sa ni shiga, dalmar da ake ɗaurawa a bel don mutum ya samu nauyin nutsewa kilo biyu kacal a ƙuguna kuma lafiya lau nike sauka nike tasowa. Ran nan muka fita da jirgin wani shago daban, su kuma alminiyam gare su, na ɗaura dalmata yadda na saba ban tambayi kowa ba su ma ba wanda ya tambaye ni. Shiga ba matsala. Sai da geji ya sauko wajen bar 50 muka taso mita 5 inda ake tsayawa minti 3 kafin a fito, nan na ji bayana na ɗagawa kamar wani ya kama gindin tukunyar yana ja sama, na sace iskar rigata duka (rigar iskar da mai nutso ke hurawa ko sacewa don daidaita nauyinshi a ruwa), na fitar da numfashi, ina ta harba ƙafa in koma ƙasa amma ina, tafiya sama kawai nike, sai da abokin nutsona ya cafko ni da hannu ɗaya ɗayan hannun yana riƙe da igiyar jirgi. Minti ukun nan a hannunshi na yi su, zuciyata na dukan uku-uku.

Dalili shi ne iska ma tana da nauyi. Duk lita 1000 tana kai kilo 1.2, ita kuma AL80 in an cika ta tana ɗauke da wajen lita 2300 a matse, kusan kilo 2.7 kenan na iska zalla, kana shaƙa tukunya na rage nauyi. Kowace tukunya haka take, ta ƙarfe ma tana raguwa daidai iskar da ka sha. Bambancin daga inda kowace ta fara ne. Ta alminiyam tana cike da ƙyar take nutsewa, nauyinta a ruwa bai kai kilo ɗaya ba, in ta ƙare sai ta koma tana ɗaga ka sama da kusan kilo 2 a ruwan gishiri, a ruwan dam ya ɗan yi ƙasa da haka. Ta ƙarfe kuwa yawanci tana cike tana jan ka ƙasa da kilo 3 zuwa 4, in ta ƙare ma ba ta cika yin sama ba. Shi ya sa mai alminiyam ke ƙara dalma kilo 2 zuwa 3 kan abin da mai ƙarfe ke ɗaurawa, kuma shi ya sa mutanen Turai masu shiga ruwan sanyi da riga mai kauri suke son ƙarfe, don rigar tasu tana ɗaga su, tukunyar na rage masu dalma.

To za ka ce tunda haka ne me ya sa na ce alminiyam? Saboda ku nike kallo, ba mutanen Jamus ba. Ku samari ne marasa ƙiba, ɗiyan masunta jiki duk tsoka, kuma tsoka nutsewa take, kitse ne ke yin sama. Ruwanku ba na gishiri ba ne, bai ɗaga mutum kamar teku, kuma in ba lokacin hunturu ba ba za ku sa riga mai kauri ba. Irin wannan mutum in ka goya mashi ƙarfe mai lita 12 ko 15 cike da iska, sai ka ga ko dalma ɗaya bai ɗaura ba amma ya yi nauyi fiye da kima, to ran da rigar iskarshi ta huje yana can ƙasa cikin laka me zai yar ya taso? Babu. Nauyin a bayanshi yake kuma shi ne numfashinshi. Mai alminiyam kuwa nauyinshi na cikin bel, hannu ɗaya zai sa ya ɓalle, dalma ta faɗi ya samu sauƙi. Ni wannan dalilin kaɗai ya ishe ni. Iya ruwa fid da kai, kuma nauyin da za ka iya yarwa ya fi wanda aka ɗaure maka.

Na biyu tsatsa. Ƙarfe in ya haɗu da laima da iska mai matsi, tsatsa gudu take ba tafiya ba, kuma daga ciki take ci inda ido bai gani. Na taɓa tsayawa kan wani mai gyara yana buɗe tukunyar ƙarfe da ta yi kyau a waje, fenti lafiya ba ko ƙwarzane, da ya kwance bawul ya kifa ta sai ga ruwa ja kamar na kududdufi kusan rabin kofin shayi, ya zura 'yar fitila ya ce leƙa, na ga cikin duk ɓawo-ɓawo ja yana zuba kamar garin barkono, ƙasan kuma duk ramuka. A take ya ce wannan ta gama aiki. Ba faɗuwa ta yi ba, ba komai ba, injin da ake cika ta ne tacensa ya mutu yana tura laima, kuma mai ita yana shanye iskar tas ya bar bawul buɗe. Alminiyam ita ma laima na taɓa ta, tana yin wani farin gari kamar alli, amma wannan farin yakan zama kamar rufi ya rage cin, ba ta lalacewa da saurin ƙarfe. Ku da za ku fara yanzu, tukunya biyu hannu tara, yau tana wajen wane gobe tana bayan mashin, kuma mai duba cikinta ba a bayan gida yake ba, gara wadda ke yafe kuskure. Ga shi ta fi araha, gindinta a shafe yake tana tsayawa da kanta, ita ta ƙarfe yawanci gindinta zagaye ne sai an sa mata takalmin roba, ruwa kuma ya maƙale tsakanin robar da ƙarfen ya yi ta cin ta a ɓoye.

Kada in zalunci ƙarfe dai. Ya fi ɗaukar iska, mai lita 12 da ake cikawa bar 232 tana riƙe wajen lita 2780. Mutum a natse yana shan kamar lita 20 a minti a saman ruwa, a mita 10 ya ninka ya zama 40 don kowace mita 10 na ƙara bar ɗaya kan jikinka, a mita 20 ya zama 60. In ka ware bar 50 da ba a taɓawa, a mita 10 alminiyam za ta ba ka minti 43 haka, ta ƙarfen minti 54. Minti goma ba kaɗan ba ne. Kuma wannan lissafin mai natsuwa ne, wanda ke laluben gawa cikin duhu gabanshi na faɗuwa zai iya shan ninkin haka. Sannan ƙarfe ya fi jure bugu, alminiyam laushi gare ta, jifa a bayan a-kori-kura na yi mata rami da ƙwarzane, kuma rami mai zurfi na iya sa a soke ta gaba ɗaya. Tukunyar ƙarfe da ake ba busasshiyar iska ana duba ta kan lokaci tana iya shekaru da dama tana aiki. Nan gaba in kun ƙware kun samu injin kirki, wani ƙato cikinku mai shan iska da yawa ya ce ƙarfe yake so, ba zan hana shi ba.

Yanzu ga sharaɗin da na ce, kuma wallahi shi ya fi damuna fiye da zancen alminiyam da ƙarfe. Wa zai cika maku? Tukunya ba ta zuwa da iska, ko jirgin sama ba zai ɗauke ta ba sai an sace iskar an kwance bawul, kuma ko ta zo a cike minti arba'in ne ta ƙare. Injin mai faci bai wuce bar 8 zuwa 10, ko kusa bai kai ba, kuma iskarshi duk mai ce da ruwa. Ana buƙatar injin matsa iskar numfashi na musamman, irin na kamfanin Bauer ko Coltri, mai tace mai da laima, kuma shi kaɗai ya fi tukwanen biyu tsada nesa ba kusa ba, tacen kuma canza shi ake bayan wasu awanni na aiki, a zafi irin namu ma ya fi saurin mutuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro hayaƙi ne. Ka san yadda masu yasar rijiya ke mutuwa in an saukar da injin ban ruwa cikin rijiya, mutum ya sauka lafiya ya yi shiru, wani ya bi shi shi ma ya yi shiru. Gubar nan ɗaya ce, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, in bakin da injin ke zuƙar iska na kusa da salansar janareto to ita zai matse maku cikin tukunya, a ƙasan ruwa kuma kowane numfashi ninki yake shiga. Ƙa'idar Turai ta iskar numfashi ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba, ka ga ƙanƙantar abin da ake tsoro. Don haka in kuɗin yayanku ba za su kai injin ba, ku fara gano inda za a riƙa cika maku da iskar da aka yarda da ita tukuna, in babu to a dakata da sayen tukunya, kada ta zo ta zauna a ɗaki har wata rana wani ya ce bari mu gwada wata dabara.

Sai horo. Ƙanena na san kun fi ni iya ruwa, ba na ko tantama, amma abin da kuka saba da shi shi ne zai iya kashe ku da tukunya. Ku kun saba riƙe numfashi, jikinku ya haddace. Da tukunya kuwa doka ta farko ita ce ba a riƙe numfashi ko na daƙiƙa kaɗan in ana tasowa, don iskar da ka shaƙa a mita 10 in ka riƙe ta ka taso sai ta kumbura ta ninka biyu cikin huhunka, huhu ya yage, kuma wannan na iya faruwa ko a ruwan da bai wuce tsayin mutum ba. Ana tasowa a hankali, kamar mita 9 zuwa 10 a minti. Ga wani abin da ko masu takardar shaida daga bakin teku ke mantawa: duk ruwan da ya haura mita 300 sama da teku lissafinshi daban ne, Daura da Katsina kuwa duk sun haura mita 400, don haka jadawalin zurfi da lokacin da ake iya daɗewa a ƙasan ruwa da aka saba da shi a Jidda sai an gyara kafin a yi aiki da shi a Sabke. Ni da za a bi tawa, cikin kuɗin nan a fara tura mutum biyu su yi kwas na farko wajen malami mai shaidar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin horar da masu nutso, PADI ko CMAS ko SSI, kwanaki kaɗan ne, ya ba mutum izinin mita 18 zuwa 20, kuma su sani wannan matakin farko ne kawai, nutso cikin ruwan da ba ka ganin tafin hannunka ga ragar masunta ga kututturan itace wani karatu ne na daban. Kullum mutum ɗaya a ruwa da igiya a jikinshi, wani a sama yana riƙe da ita, na biyu a shirye da tukunyarshi yana jira, ga wuƙa ko almakashi a inda hannu ke kaiwa. Kuma kada wanda ya kusanci bakin bututun da dam ke fitar da ruwa sai an tabbatar an rufe, jan da ke wurin in ya manne mutum ƙato goma ba su ɓamɓaro shi.

Akwai maganar da ke da ɗaci amma gara in faɗa. Kafin a bugo maku waya ku hau mashin ku isa, wanda ya nutse yawanci rai ya riga ya yi halinsa, aikinku fito da shi ne a yi mashi sutura iyaye su samu natsuwa, kuma aiki ne mai girman lada. Amma tunda haka ne ba gaggawar da ta kai a sa rai na biyu a ciki. Ko jama'a na ihu a baki, ku tsaya ku duba geji ku duba igiya.

In an zo saye, ya sayi tukunya da bawul da regileta, wato na'urar da ke rage matsin iskar ta kawo ta bakin mai nutso, a shago guda a haɗa mashi a gabanshi. Wuyan tukunya tiredi iri biyu ne suka fi yawa, na Amurka mai inci uku bisa huɗu da na Turai da ake rubuta M25, suna kama har bawul ɗin wannan zai iya ɗauruwa kan waccan kamar ya zauna, sai an cika ya fita kamar harsashi, an rasa rayuka a haka. Tunda za a kwance don jirgi, a sa ma kowane bawul alama da tukunyarshi, kuma wanda ya san aikin ya maida. Ya haɗo da zoben roba na bawul da yawa don su ne ke fara mutuwa. In sun iso, inuwa za a aje su, ba but ɗin mota ba a watan Afrilu, tukunyar da aka cika bar 207 da safe in ta gasu ta kai digiri 60 za ta haura wajen 230. Kada a shanye iska tas, a bar bar 30 zuwa 50 don laima kada ta shiga. A buɗe a leƙa ciki duk shekara, gwajin matsi da ruwa kuma duk shekara 5, ana buga wata da shekarar a kafaɗarta.

TAMBAYA

Malam ina wuni. Ɗana ne ya sayo wata tukunya wajen 'yan gwangwan, ya ce ta masu nutso ce an sayar mashi da araha, yana so ya kai wajen masu fentin mota a gasa mata sabon fenti ya sayar. Tana nan jingine a zaure yara na wasa kusa da ita, ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai haɗari?

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Hajiya ina gajiya, kuma gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba. Yau ɗin nan a ɗauke ta daga zaure a kwantar da ita a inuwa inda yara ba su zuwa, a sa dutse ta kowane gefe kada ta gangara, don in akwai iska a ciki ta faɗi kan bawul ya karye, tukunyar da kanta za ta tashi kuma tana iya fasa bango. Kada a buga bawul da guduma, kada a sa sifana a ce za a kwance shi, ba a san abin da ke ciki ba, ƙila ma ba ta nutso ba ce, tukwanen kashe gobara da na gas ɗin lemo duk suna kama da ita ga wanda bai sani ba.

Ki ce ya samo maganaɗisun tsohuwar sifika ya manna, in ya kama ƙarfe ce, in bai kama ba alminiyam ce. Sannan ya duba rubutun da aka buga a kafaɗarta, in ƙirar Amurka ce zai ga 3AL ga alminiyam ko 3AA ga ƙarfe, da wata da shekarar da aka yi ta. Shekarar na da muhimmanci, don akwai wani haɗin alminiyam mai lamba 6351 da kamfanin Luxfer ya yi amfani da shi a Amurka har tsakiyar 1988, daga baya aka gano wuyan irin waɗannan na tsagewa a hankali in sun daɗe da iska a ciki, wasu sun fashe a wurin cikawa sun raunata mutane, aka koma haɗin 6061 da ake yi yanzu. Shagunan nutso da yawa ko taɓa tsofaffin nan ba su yi.

Zancen gasa fenti kuwa Hajiya ki hana shi da bakinki na uwa. Alminiyam in ya sha zafin da ya kai digiri 175 ƙwarinshi ya tafi kenan ba ya dawowa, kuma ido ba zai nuna ba, za ta fito tana ƙyalli sai ran da wani bawan Allah ya zo cika ta. Fentin kuma zai rufe ramuka da tsagar da mai saye ya kamata ya gani. Tukunyar da ta kai hannun 'yan gwangwan akwai dalilin da ya kai ta can, mai yiwuwa an riga an soke ta ne. Ya nemi wanda ke aikin tukwanen gas masu matsi ya tabbatar ba komai a ciki, a huda ta yadda ba mai sake cikawa, ya sayar a kilo ya maida abin da ya samu. Asarar 'yan kuɗin nan ta fi mashi sauƙi kan a ce ta hannunshi abin ya bi.

TAMBAYA

Salam. Ni mai walda ne a Daura, na ji yaran unguwarmu na maganar za a kawo masu tukunyar oksijin ta shiga ruwa. Ina da oksijin a shago kullum, in riƙa cika masu kyauta saboda Allah?

AMSA

Maigida Allah ya ba da ladan niyya, amma don girman Allah kada ka yi. Sunan da mutane ke kiranta da shi ne ya ruɗe mu, ba oksijin ke cikin tukunyar nutso ba, iskar nan ce da ni da kai muke shaƙa, kashi 21 oksijin kashi 78 naitirojin, an tace ta an matse. Oksijin zalla in mutum ya wuce mita 6 da shi guba yake zama, sai jijjiga ta kama shi kamar mai farfaɗiya ba sallama, regileta ta faɗi daga bakinshi, a ƙarƙashin ruwa kuwa ka san ƙarshen zancen. Na asibiti ma haka, ba na walda kaɗai ba. Kuma kai ka fi ni sanin abin da oksijin ke yi in ya haɗu da mai ko giris, to bawul da regiletar nutso na yau da kullum akwai maiƙo da roba a cikinsu, wuta na iya tashi tun a hannunka kana cikawa.

In taimako kake so ka yi akwai inda hannunka zai yi masu rana sosai. Ka ƙera masu ɗan keken turawa mai gado biyu da za a kwantar da tukwanen a ɗaure, a shimfiɗa roba ko tsohuwar taya inda za su zauna don kada ƙarfe ya goge alminiyam. Sannan za su buƙaci dalma, ka yi masu zubi na kilo ɗaya-ɗaya da bibbiyu, kowace da tsaga biyu da bel mai faɗin inci 2 zai wuce, ka goge bakin kada ya yanki bel ɗin, kuma a fili za ka narka ba cikin shago ba, iska na kaɗawa daga bayanka, yara su yi nesa da hayaƙin.